Ba Mamata Ba Ce, Innata Ce

Akwai wata mata a layinmu da kowa ke kira Matar Injiniya. Labarinta na kawo muku yau, ku masu bin wannan shafi, sai dai ba zai faɗu ba sai na haɗa da nawa, domin abu ɗaya muka tashi nema ni da ita, kowa ta bi hanyarta. Sai da na nemi izininta kafin na rubuta. Ta ce in faɗa, wataƙila wani ya tsira.

Ni tela ce, karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun. Ina da ɗan shago a bakin titi: keke biyu, teburin yanka, dutsen guga da benci ɗaya na masu jira. Mijina gyaran injin sanyi yake yi. Wani kamfani ya ɗauke shi aiki a ƙasar waje tare da mijin Matar Injiniya, nata mijin shi ne shugaban nawa a wurin aiki. Ba ta taɓa bari na manta da hakan ba.

Ina da 'yan biyu, shi ya sa ake ce mini Maman 'Yan Biyu. Sai kuma ta ukunsu, wadda ba ni na haifa ba.

Ƙanwata Auta ta rasu bayan gajeriyar jinya, ta bar 'ya mace ƙarama. Uban yarinyar direban babbar mota ne, rayuwarsa duk a kan hanya take. Shi da kansa ya kawo mini ita da jakar kayanta, ya ce, "Yaya, ga amana." Yarinyar ta ɗauko wushiryar uwarta sak, har sunan ya bi ta, kowa Wushirya yake ce mata.

Tana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana sosa mini rai. Duk wanda ya shigo shago ya ce mata, "Je ki kira mamanki," sai ta tsaya ta gyara masa.

"Ba mamata ba ce, Innata ce. Mamata ta rasu."

Haka take faɗa, ba fushi ba kuka, kamar mai faɗin sunan unguwarsu. Masu kawo ɗinki su yi ta jin kunya, ni kuma in duƙar da kai a kan keke in yi kamar zare ne ya tsinke. Ni ke mata wanka, ni ke kwana da ita in zazzaɓi ya kama ta, amma kullum sai an tuna mini ba ni ce ba. Ban taɓa hana ta ba dai. Gaskiya ta faɗa.

Da mazan namu suka cika wa'adin da ake bukata a can, kamfani ya ba su damar kawo iyali, amma da lokacin da aka iyakance. In ya wuce ba a kammala takardu ba, sai a sake sabon lale. Matar Injiniya ta zo shago da labarin tana ta walwala. Ita ma tana riƙon marainiya, 'yar ƙanin mijinta, wadda ta tashi a hannunta tun tana rarrafe, tare da 'yarta ta cikinta. Kusan sa'annin juna ne yaran, kaya iri ɗaya nake ɗinka musu. Matsalarmu ɗaya ke nan: kowaccenmu tana da yarinyar da ba ta haifa ba, kuma ba za ta iya tafiya ta bar ta ba.

Ta ce in kwantar da hankalina, ta san wani ejan da ake kira Sha-yanzu, hannunsa ba ya taɓa takarda ta kwana. Na rufe shago na bi ta.

Ofishinsa ya ji sanyi da kujerun fata, bango duk hotunan jiragen sama. Waya uku ne a gabansa, yana amsa wannan yana ajiye waccan. Ya saurare mu da rabin kunne, ya ce wannan ai ba matsala ba ce, kullum yana yin irinta. Sabuwar takardar haihuwa za a yi wa kowace yarinya. Ni ce uwa, maigidana ne uba. Tsohuwar takardar in jefa ta ƙasan akwati, ko ma in yaga. Abin da ya rage kawai a koya wa yarinya ta riƙa cewa Mama.

Na ce, "To sunan uwarta fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Madam, wadda ta riga mu gidan gaskiya biza za ta nema?"

Matar Injiniya ta taya shi dariyar. Na tuna ranar da aka karɓo waccan takardar, Auta ta kawo mini ita cikin leda tana nuna mini sunanta a layin uwa, tana cewa yau ita ma ta zama babba, in daina aikenta. Ba wayo ne ya hana ni amincewa ba, ban san doka ba balle in ji tsoronta. Kawai na ji kamar za a sake binne ƙanwata ne, wannan karon da hannuna. Na ce masa zan yi shawara, na fito.

Washegari Matar Injiniya ta zo awo. Ta tarar da Wushirya tana tsince maɓallai a ƙasa, ta jawo ta jikinta ta nuna ni ta ce, "'Yar albarka, ce Mama mu ji. Jirgi fa za ki hau."

Yarinyar ta dube ni, ta dube ta, ta ce mamarta tana da wushirya, Inna ba ta da ita.

Matar Injiniya ta ce lallai na yi sake, yarinya ta fi ƙarfina. Tata 'yar riƙon, in ji ta, tun da ta buɗe baki Mama take ce mata, ko horo ba ta bukata.

Wata mai kawo mini ɗinki da ke aikin buga takardu a kotu ce ta ba ni labarin wani lauya da ya san harkar fita waje. Ta ce mutumin kirki ne, amma in shirya zama, don Sannu-sannu ake kiransa a bayan idonsa.

Ofishinsa yana saman wani kantin magani, matakalar ƙunci gare ta, sai mutum ya bi ta a karkace. Babu hoton jirgi ko ɗaya. Fanka ce ke kuka a sama, fayil-fayil ɗaure da igiya sun cika kanta. Dattijo ne, tabarau ɗinsa a ƙarshen hanci. Bai katse ni ba har na gama. Sannan ya fara tambaya ɗaya bayan ɗaya: wa ya haifi yarinyar, uban yana raye, ya san da maganar tafiyar, a ina uwar ta rasu, tun yaushe take hannuna. Duk abin da na faɗa sai ya maimaita mini, ya ce haka ne? In na ce e, sannan ya rubuta.

Na ba shi labarin Sha-yanzu. Bai zage shi ba. Ya ce kawai takardar ƙarya in ta shiga ofishin jakadanci ba ta fita, tana nan a ajiye da sunan mutum ko bayan ya manta da ita.

Na tambaye shi ko ya tabbata za a ba mu biza in na bi ta hannunsa.

Ya ce, "Malama, ni ba na ba da biza. Duk wanda ya ce miki yana bayarwa, ki ƙara riƙe jakarki. Abin da zan iya shi ne in sa gaskiyarki ta isa gabansu da shaidunta. Za su iya cewa a'a. Amma a'ar da aka yi wa mai gaskiya tana da gobe."

Ya ce kowace ƙasa da sharuɗɗanta, in ba shi lokaci ya duba na wadda za mu je. Da na koma ya zayyana mini: takardar shaidar rasuwar Auta daga asibiti, yardar uban yarinya a gaban alƙali, umarnin kotu cewa riƙonta yana hannuna, da rahoton jami'ar kula da yara bayan ta zo ta ga gidana. Ya faɗa mini ƙarara cewa da wuya mu gama kafin lokacin da kamfani ya bayar ya cika.

Na kira maigida na faɗa masa. Mutum ne mai haƙuri, amma ya gaji. Ya ce shekarun nan shi kaɗai yake dafawa shi kaɗai yake ci, 'yan biyu sun fara mantawa da fuskarsa sai a waya. Ya ce in taho da su, ita Wushirya a bar ta wajen kakarta ta wajen uba, daga baya a san yadda za a yi. Kakar nan tsohuwa ce, ita kanta riƙo take bukata.

Na ce, "Baban yara, yarinyar nan an taɓa tafiya an bar ta sau ɗaya. Waccan ba da son kowa ba. Wannan da sona za a yi."

Daga baya ya ce in ba shi lambar lauyan. Su biyu suka tsara wasiƙar neman ƙarin lokaci, lauya ya rubuta, maigida ya kai wa kamfani. Aka ce za a duba, ba a yi mana alkawari ba.

Na fara da asibiti. Tun ranar da muka fito da Auta ban sake taka ƙofar nan ba, ko wucewa zan yi sai in canza hanya. Ofishin ajiye bayanai yana bayan ɗakin da ta kwanta, dole sai ka bi ta gaban tagar. Na bi. Wata ce a kan gadon, 'yar uwarta tana mata fifita. Na zauna a benci har aka nemo katin, aka ce in dawo wani mako, na dawo, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya, na sake dawowa. Ranar da aka ba ni takardar na naɗe ta cikin ƙyalle mai tsabta, na koma shago na ƙarasa rigar da na bari.

Direba ya fi ba ni wahala. Da ya ji an ce kotu, sai ya daina ɗaukar wayata. Ashe abokan aikinsa sun gaya masa in ya sa hannu ya sayar da 'yarsa ke nan har abada. Da ƙyar na same shi ranar da ya shigo gari, na roƙe shi ya zo ya ji daga bakin lauya, in bai gamsu ba na haƙura.

Ya zo da kayan aikinsa, hannu duk baƙin mai, ya ƙi zama. Lauya ya ɗauko takardar haihuwar Wushirya ta asali ya ajiye a gabansa, ya sa yatsa a kan layin uba, ya ce ya karanta. Ya karanta sunansa. Ya sa yatsa a kan layin uwa. Wannan bai iya karantawa da ƙarfi ba.

Lauya ya ce, "Malam, wannan takardar ita za ta tafi da yarinyar, babu abin da za a taɓa a ciki. Kotu riƙo kawai za ta tabbatar wa innarta. Duk inda 'yarka ta je a duniya, kai ne ubanta a rubuce. Waccan hanyar da aka fara nuna wa wannan baiwar Allah, ita ce za ta goge ka, ba tare da an ko tambaye ka ba."

Direba ya juyo ya tambaye ni ko da gaske an ce in goge su. Na ce an ce. Ya tambaya me na ce. Na ce ga ni nan a ofishin lauya. Sai ya ja kujera ya zauna. Ranar kotu ya riga mu zuwa, da wankakkun kaya.

Duk wannan lokacin Matar Injiniya tana ta shiri. Takardunta sun daɗe da fitowa daga hannun Sha-yanzu. Ta sayar da kujeru da firij, ta cire yara daga makaranta, ta jibge mini atamfofi ta ce in ɗinka mata da kyau don can babu tela. In ta shigo ta tarar ina guga sai ta ce, "Maman 'Yan Biyu, yaya Sannu-sannu? Ya gama goge tabarau?" Ta ce in ta isa za ta gaishe mini da maigida, ta kuma turo mini hoton ƙanƙara in ɗora a bango. Masu jira su yi dariya, ni ma in yi, amma ba na ɓoye muku, akwai ranakun da na ga kamar ni ce wawiya. Jami'ar kula da yara ta zo ta duba inda Wushirya ke kwana da katin makarantarta, ta tafi, shiru. Kotu ta ɗage zama. Kamfani shiru.

Aka kira Matar Injiniya ganawa a ofishin jakadanci. Ta tafi da ɗaya daga cikin kayan da na ɗinka mata.

Kwana biyu ban gan ta ba. Da ta zo, sai da ta jira shago ya watse sannan ta shigo ta zauna a benci. Ta ce jami'ar ofishin jakadancin ba ta ko tambayi yaran komai ba. Takardun haihuwar biyu ta jera a kan tebur, ta sa tafinta ya tambaye ta yadda aka yi ta haifi 'ya'ya biyu wata huɗu tsakani.

Sha-yanzu ya canza sunan uwa da na uba, amma ya bar ranar haihuwar yarinyar yadda take. Bai taɓa tambayar shekarun ɗayar ba. Ita kuma ba ta taɓa jera takardun ta duba ba, domin a wajenta yaran duk nata ne, ba ta ganin tazara a tsakaninsu.

Ta ce sai ta amsa cewa tagwaye ne, kuskuren rubutu ne. Aka ce to a yi gwajin jini. Nan ta faɗi gaskiya, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Aka hana su duka, har da 'yar da ta haifa da cikinta, aka kuma ce ba za a saurare ta ba sai bayan wasu shekaru. Mijinta ma sai da kamfani ya kira shi ya yi bayani.

Ta koma wajen Sha-yanzu. Yana nan a kujerarsa da wayoyinsa uku. Ya ce rabo ne babu, shi takarda ya yi, ba shi ya haifi yaran ba.

Ban ce mata na faɗa miki ba, don ban taɓa faɗa mata komai ba, ni ma ban sani ba. Na ga dai mace ce da ta so ta tafi da marainiyar da ta raina, kamar ni. Na ajiye almakashi na ce ta tashi mu je. Muka hau matakalar nan a karkace, ita a gaba ni a baya.

Lauya ya saurare ta kamar yadda ya saurare ni, bai ɗaga murya ba. Ya ce ba zai iya ciro ƙaryar daga inda ta shiga ba. Abin da zai iya shi ne ya taya ta rubuta bayanin gaskiya, a gyara takardar yarinyar ta koma ta asali, a nemi riƙo a kotu tun yanzu, sannan a jira wa'adin ya cika. Ta tambaye shi babu wata gajeriyar hanya? Ya dube ta ta saman tabarau ya ce gajeriyar ai ita ce ta biyo.

Ba da daɗewa ba kamfani ya amsa, aka ƙara mana lokaci. Kotu ta ba da umarni. Lauya ya haɗa komai a fayil ɗaya, ya bi da ni shafi-shafi har na iya faɗin abin da ke cikin kowanne. Na tambaye shi me zan koya wa Wushirya ta faɗa. Ya ce kada in koya mata komai.

Ranar ganawarmu a ofishin jakadanci na sa mata rigar da na ɗinka da ragowar atamfar uwarta. Jami'ar tana bayan gilashi, tafinta a gefe. Ta daɗe tana juya takardu. Sannan ta sunkuyo ta yi wa yarinyar murmushi, ta nuna ni, tafinta ya ce, "Ana tambayarki, wannan mamarki ce?"



Wushirya ta ɗaga kai ta ce, "Ba mamata ba ce, Innata ce. Mamata ta rasu." Sai ta ƙara abin da ban taɓa jin ta faɗa ba. "Amma ita ke riƙe da ni."

Jami'ar ta duba takardar asibiti, ta duba ta kotu, ta gyaɗa kai ta yi rubutu. Ni kuma na tsaya ina kallon bango. Maganar da na yi shekara da shekaru ina duƙar da kai in an faɗe ta, ita ce ta yi daidai da kowane shafi a fayil ɗin.

An ba mu biza, mu huɗu. Ina rubuta wannan ne a shago, akwatuna a ɗaure a gida. Keke ɗaya na bar wa Matar Injiniya, ta fara koyon ɗinki kafin lokacinta ya yi, yaran sun koma makaranta. Har yanzu ba ta iya sa zik ba, kuma har yanzu tana tuna mini mijinta ne shugaban nawa.

Direba ya zo sallama. Wushirya ta ɗauko masa takardunta, ta buɗe ta haihuwa, ta karanta masa sunansa, sannan ta bi sunan uwarta da yatsa, harafi bayan harafi, har ta kai ƙarshe. Ta iya karatu yanzu. Auta ba ta ga wannan ba, amma sunanta zai hau jirgi tare da mu.

Darasi: In za ka nemi fita waje, don aiki ko karatu ko bin iyali, ka nemi lauyan da zai gaya maka abin da ba ka son ji, ka guji wanda zai ce a gyara gaskiya don a yi sauri. Ƙarya ɗaya a takarda tana iya rufe wa gida guda ƙofa, sannu kuwa ba ta hana zuwa. Kuma kada a goge sunan mamaci daga kan ɗansa don neman biza. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin tafiya, musamman masu riƙon marayu, ku kuma sa ƙanwata a addu'a.